Larai Mai Ido a Ƙeya

In dai a layinmu na Tudun Wada kake kwana, ba ka buƙatar agogo. Ana sallame Asuba za ka ji dam, dam, dam a kan kwalta. Larai Nagoda ce ta nufi filin ƙwallon kwando, hagu na buga ƙwallo, dama na gaida mutane. Inna Bilkisu mai ƙosai ta ce sai ta ji wannan ƙarar take ɗora mai a wuta. Shekara ashirin da ɗoriya ana haka, sai watan jiya gwiwa ta ce ya isa.

Abin da ke ba ni haushi, je ka duba hotunan kofunan da ƙungiyarsu ta ciyo. Wata za ka gani a sama tana zura ƙwallo, Larai kuwa sai dai gefen kafaɗarta. Ita aikinta rabawa. Tana kallon gabas za ta wurga yamma, ƙwallon ta faɗa hannun wadda ita kanta ba ta san ta samu sarari ba. Shi ya sa ake ce mata Mai Ido a Ƙeya. Immaculata, tsohuwar abokiyar wasanta wadda yanzu take wasa a ƙasar waje, a gabana ta ce, "Gaskiya Anti Larai ce ke ci, ni hannu kawai nake ara mata."

Wasan Larai na ƙarshe ina wurin, ba labari aka ba ni ba. Akwai Naja'atu, ƙaramar cikinsu. Mahaifinta Malam Kailani, direban keke, ya yanke cewa in masu zaɓen 'yan wasan jiha ba su ɗauke ta a ranar ba, ita da ƙwallo sun yi sallama. Tsoro ya kama yarinya, duk jifan da ta yi sai ya kuskure, har abokan wasanta suka daina ba ta.

Su kuma sun riga sun haɗa baki cewa jifan ƙarshe na Larai ne, ko sau ɗaya a ɗauki hotonta. An fi su da maki ɗaya, lokaci ya kusa cika, sai ga ƙwallo a hannunta, ita kaɗai a gindin kwando. Fili ya ɗauka: "Jefa! Jefa!"

Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta wurga ta baya, ta ce, "Naja, taki ce!"

Na dafe kai, na ce shi ke nan, an kashe mu. Naja'atu ta jefa. Ƙwallon ta zagaya bakin ƙarfe, ta shige. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi! Malam Kailani ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Masu zaɓe suka ɗauki Naja'atu. Hoton ma nata ne, ga kafaɗar Larai a gefe.

Na tare ta na ce, "Haba Larai, da ta ɓarar fa?"

Ta ce, "Yaya, hannunta a buɗe yake. Ban iya wuce buɗaɗɗen hannu ba."

Larai, ke ce kika ɗaga wasu sama kika tsaya a ƙasa. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya. Ku kuma 'yan baya, ku koyi waiwayar wadda kowa ya daina ba ta.

Jiya da Asuba muka sake jin dam, dam, dam. Inna Bilkisu ta leƙa, sai ga Naja'atu, tana bugawa da hagu. Inna ta share ido da gefen mayafi, ta ɗora mai a wuta.