Furen Tabar Ƙawata

Shekarun baya, tun kafin yaƙin Turawa ya sa goro ya yi wuya, ni da ƙawata muna da 'yan fangalan taba a fadamar garinmu, kusa da Buza, rijiya ɗaya muke ja. Ba don ganyen muke noma ba, don furen ne. A lokacin mace ba ta cika ado ba sai ta ci goro ta goge haƙoranta da fure sun yi ja.

To furenta ya fi nawa, ba sai an faɗa ba. Ranar kasuwa matan Tabotaki su tsaya gaban faifaina, su gaishe ni da kyau har su tambayi mutanen gida, sannan su matsa wurinta su saya. Ina murmushi, kishi kuwa yana cina.

Da zafin bazara ya shigo, sai ganyenta ya fara yin ɗigo-ɗigo fari kamar an barbaɗa gari. Wata safiya da ta tafi jan ruwa na juya ganye ɗaya. Ga yanar gizo siririya a bayansa, ga wasu jajayen abubuwa kamar garin barkono suna motsi. Na murza da yatsa, ya bar jan zane. Na gane su sarai, ƙananan gizo-gizon nan ne da mahaifiyata ta taɓa nuna mini. Maganinsu ma na sani: a cire ganyen da ya lalace a binne, a wanke bayan sauran da ruwa safe da yamma, a yayyafa toka, don ba sa son laima.

Ta dawo ta ce, "'Yar'uwa, mi as samu hurena? Ruwa ina ba shi, ga shi yana ƙonewa."

Na ce, "Wallahi ban sani ba. Ko bakin mutane na?"

Nan take ta yarda. Ta kifa baƙar tukunya a kan sanda tsakiyar fangali, ta yi sadakar fura, ta ci gaba da zuba ruwa a gindi kamar yadda kowa ke yi. Ni kuwa kullum sai na shiga tsakanin shukarta wai jaje, ina duba yadda ɓarnar ke tafiya, daga nan in wuce tawa da zanen da na ɗaura a jikina. Wayona bai kai ga tunanin abin da zanen ke kwasowa ba.

Cikin mako uku nata ya ƙone ƙurmus. Bayan kwana kaɗan na ga ɗigon a nawa. Na ruɗe, na hau tsinke ganye ina wanki, amma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ga rijiyar da zurfi. Sai ga ta da tulu a ka, ba wanda ya kira ta. Ta ajiye, ta tsaya tana kallon yadda nake juya ganye ɗaya-ɗaya, hannuna ba ya ko kuskure.

Ta ce, "Ashe kin san maganin abin ga."

Ta ɗauki tulun ta koma rijiya. Kwana goma tana ja mini ruwa har furena ya tashi, kuma ba ta sake ɗaga maganar ba har Allah ya karɓi abarsa.

Na sha cewa a raina da ta zage ni ranar nan, da tuni na warke. Yanzu na tsufa, haƙoran ma babu, amma in na faɗi gaskiya har yau ina kishinta. Da can furenta nake kishi. Yanzu kuwa halin da ya sa ta koma rijiyar nan nake kishi, don na yi ta nemansa a jikina ban samu ba.