'Yardada Makitsiya da Bolar Bakin Kududdufi

A lungunmu na Zaitawa ba kowa ya san sunanta na yanka ba, 'Yardada kawai ake ce mata. A Ƙofar Mazugal aka haife ta, aure ya kawo ta unguwarmu, gidan Malam Nasir baduku. Bayan rasuwarsa ta ci gaba da zama a gidan tare da 'yarta Zinariya. Sana'arta kitso, kuma ba ta jira a zo mata. Da hantsi za ta yafa mayafi, ta ɗauki matajinta da ɗan gwangwanin mai, ta bi gida gida. Babu zauren da ake hana ta wucewa. Bayan kitso, babu abin da take so kamar awakinta guda huɗu.

A bayan gidanta akwai kududdufi, inda kakanni suka haƙi ƙasar gini. Nan ruwan unguwa yake gangarawa da damina. A bakinsa ake tara toka da shara, idan rani ya yi masu jakuna su shigo daga ƙauye su kwashe su kai gona. Haka aka saba, har leda ta yawaita. Komai a leda ake ƙulla shi, ga kuma ledar fiya wata. Masu jakuna suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Zamanin soja, Asabar ɗin ƙarshen wata dole kowa ya fito shara ko yana so ko ba ya so. Da mulki ya dawo hannun farar hula a 1999, mutane suka sake, bola ta yi tsiri har ta kusa kai katangar 'Yardada. Har daga wasu unguwanni ake turo baro a juye a tafi.

Cikin wannan shekarar jar akuyarta ta daina cin dusa, ta rame, ciki kuwa ya kumbura. Da ta ga za ta mutu, ta aika aka kira Gambo mahauci ya yanka. Da ya farke tumbin, sai ga leda a cure, dunƙule guda kamar ƙwallo.

'Yardada ba ta yi kuka ba. Ta sa dunƙulen a kwano ta rufe da faifai, ta nufi ƙofar gidan Mai Unguwa Audu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tura masa kwanon.

"Ranka ya daɗe, ga tsaraba daga bayan gidana."

Ya buɗe, ya kau da kai. "Subhanallahi! 'Yardada, mene ne wannan?"

"Abin da akuyata ta ci ne. Yau akuya, gobe ruwa ya rasa hanya ya shigo mana ɗaka."

"An yi mana alkawarin motar kwasar shara, sai dai mu ƙara haƙuri."

"Allah ya kawo ta. Amma lungun da mai keke sai ya sauka ya tura, ta ina mota za ta bi?"

Mai unguwa ya yi dariya, ya ce to ita me ta gani. Ta ce ya ba ta kwana biyu.

Washegari ta tafi Ƙofar Dawanau a ƙafa, ta zauna a inuwa tana duban masu shigowa da itace. Wajen azahar ta hango Maharazu, wani manomi da ya fi shekara ashirin yana kwasar taki a lungunmu kafin ya daina. Bayan gaisuwa ta tambaye shi laifin da suka yi masa.

"Wallahi Baba, ba ku yi min komai ba," in ji shi. "Takinku ne ya lalace. Leda ba ta ruɓewa. Bara waccan na zuba, da na zo huɗa, garma sai tsinto leda take yi, shuka kuma ta ƙi kama ƙasa."

"Idan ka samu toka da kashin awaki da ɓawo zalla fa?"

"Ai da jaki uku zan zo, har da na ƙanena."

A nan kitso ya yi mata rana. Mace idan ta sa kai a cinyar makitsiya, ba ta da inda za ta sai an gama. 'Yardada tana tsaga tana bayani: bokiti ɗaya na toka da ɓawo da sharar turke, buhu ɗaya a rataye na leda da roba. Wasu suka karɓa nan take. Hajiya Bahijja, matar wani ɗan kasuwa, ta ce, "Yanzu 'Yardada shara ma sai an tsince ta kamar shinkafa?"

"Hajiya, ba tsinta za ki yi ba. Kada dai ki haɗa su tun farko."

"Ni fa ba ni da wannan lokacin."

"To, sunkuyo in ƙarasa miki wannan layin."

Ba ta sake tayar mata da zancen ba. Sai da Hajiya ta ga maƙwabtanta duk sun rataye buhu, ita ma ta rataye, har ta ba da tsofaffin buhunan shagon mijinta aka raba wa gidaje.

Matan ne suka matsa wa mazansu. Mai unguwa ya yi magana a masallaci bayan la'asar, Asabar uku a jere magidanta da samari suka fito da shebur da manjagara. Kansila ya aiko da baro uku. Aka rushe tsirin nan, aka tankaɗe abin da ya ruɓe aka tara wa Maharazu, ledar kuma wani mai sayen roba da yake kai wa masana'anta ya riƙa zuwa yana ɗauka.

Saura masu zuwa daga nesa. An kafa allo an rubuta gargaɗi, bai hana ba. Sai 'Yardada ta riƙa fitowa da kujerarta bayan sallar asuba, ta zauna a bakin kududdufi da carbi. Wata safiya wani magidanci ya turo baro shaƙe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sannu da aiki, Malam. Daga wane gida?"

Ya faɗa mata, yana ɗan noƙewa.

"Kai ɗan Asibi ne? Ikon Allah! Ni na yi mata kitson aure. Yaya ƙafar tata? Ka ce 'Yardada tana gaishe ta, zan shigo jibi."

Mutumin ya ajiye baron. Ta nuna masa inda ake zuba toka da buhun leda. Ya tsuguna ya raba da hannunsa, ya yi sallama ya tafi. Jibin kuwa ta je, ta yi wa Asibi kalaba, ta baro gidan da buhu a rataye.

Ba a ce leda ta ƙare a Zaitawa ba, iska tana kawo ta, mutane kuma sai ana tuni. Amma daminar da ta biyo baya ruwa ya bi hanyarsa ya sauka kududdufi, bai shiga gidan kowa ba.

Da kaka Maharazu ya shigo da jakunansa, maimakon mangala wofi sai ga damin gero biyu. Ya sauke a zauren 'Yardada, ya ce na gonar da ta ci takin lungun ne. Ta ce ba nata ba ne ita kaɗai. Ita da Zinariya suka sussuka, suka surfa, suka yi fura, aka kai kowane gida dunƙule bibbiyu. Hajiya Bahijja ta aiko da ƙwaryar nono, matan suka taru a tsakar gidan 'Yardada suka dama, suna sha suna hira har aka kira la'asar.