Mai Yi wa Ɓeraye Hamdala

Duk wanda ya zauna da Kawu Buba a unguwar Ɗan Iya ya san ba a yin atishawa kusa da shi a wuce haka nan. Ko a keke napep kuka haɗu, ka yi atishawa ka yi shiru, sai ya taɓa gwiwarka: "Malam, akwai saura." Ba zai ƙyale ka ba sai ka ce Alhamdulillahi.

To, wannan mutumin Allah ya ba aikin kula da ɗakin dabbobin gwaji! Ni Sale, ɗan ƙanwarsa, shi ya samo mini wankin keji a wurin. Shugabarmu Dakta Rifkatu tana binciken ciwon nan da ke kama wasu idan gero da dawa suka yi bununi: hanci ya yi ta zuba, ido ya yi ja, atishawa ba tsayawa. Ana jiƙa bununin a ɗiga wa ɓerayen masar a hanci, wasu an ba su magani, wasu ba a ba su ba, a ga waɗanne suka fi shan wuya.

Ɓeraye na "tsit, tsit," Kawu na bin keji ɗaya bayan ɗaya: "Alhamdulillahi. Alhamdulillahi."

Na ce, "Kawu, dabbobi ne fa."

"Na sani. Da sun iya, da na bar musu. Mu muka zuba musu abin a hanci, kuma mu bar su ba hamdala?"

Kowa na dariya, ban da ni, domin ni na san ciwon nan yana jikinsa. Da an buɗe kwalbar bununi idonsa zai kaɗa, ƙirjinsa ya kama kuka kamar an rufe mage a ciki. In na yi magana ya ce, "Mura ce. Ka faɗa wa Dakta, a raba ni da ɓerayena, ka ga abin da zan faɗa wa uwarka."

Wata rana Dakta ta bar na'urar ɗaukar murya a ɗakin. Da ta kunna, ga ƙananan "tsit, tsit," can sai "HAATISHA!" kamar tayar babbar mota ta fashe.

Ta kira Kawu ta ce, "Baba, wannan daga wane keji?"

"Ranki ya daɗe, wani ƙato ne can ƙarshe. Ba ya jin magani."

"Shi ne ya yi hamdala da muryarka?"

"Ai ni nake yi musu duka."

Ta dube shi, ta miƙa masa takunkumi. Ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe a leda ya sa a aljihu. Na ce ya ɗaura. Ya ce, "Fari tas haka in shafa masa majina? Kayan gwamnati ne, Sale!"

Abin da nake tsoro ya same mu a ƙauyen Miri. Mun je gonar wani abokinsa karkaɗo bununi, Kawu ya ce in tsaya gefe wai hannuna da nauyi. Ya shige cikin dawa da ledar tara bununi. Na ji atishawa, na ji hamdala. Na sake jin atishawa, ban ji hamdala ba. Na kutsa na same shi durƙushe, numfashi na sarƙewa. Na tare ɗan acaɓa, muka sa shi a tsakiya, ina riƙe da shi ina kiran sunan Allah har asibiti.

Da ya farfaɗo, maganarsa ta farko: "Ina ledar bununin?"

"Kawu, ka kusa mutuwa!"

"To shi ne za a yi asara biyu?"

A ranar na faɗa wa Dakta komai, a gabansa. Ta mayar da shi gadin ƙofa. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. Amma ya jawo bencinsa jikin tagar ɗakin, in ɓera ya yi "tsit" sai ya ƙwanƙwasa gilashi da sanda: "Sale, akwai saura!" Haka na gaji aikin, ƙato da ni ina bin keji da hamdala.

Ya yi shekaru bayan haka, numfashinsa lafiya. Tsufa ne ya kwantar da shi. Ranar da na je duba shi na ƙarshe, da hantsi, ya yi 'yar atishawa, ba ta fi ta ɓerayensa ba. Leɓensa ya motsa, murya ba ta fito ba. Ya dube ni.

Na ce, "Alhamdulillahi."

Sai ya lallaɓo hannu ya taɓa gwiwata. Na gane. Akwai saura.

Na ce, "Yarhamukallah, Kawu."

Ita nake maimaita masa har yau. Allah ya yi maka rahama, Kawu Buba, ya yalwata maka kabarinka, ya ba ka iska mai daɗin shaƙa. Amin.