Memorin da na ɓoye cikin kwalla

Shekarun baya can, da na haifi ɗana na fari, na tafi wankan jego gidanmu a Nangere. Yaron nan Allah ya zuba masa rigima. In ya fara tsala kuka sai in jijjiga, in jijjiga, in na gaji in zauna mu yi tare. Mahaifiyata kuwa sai ta karɓe shi, ta kifa shi a cinya, tana bubbuga bayansa tana rera masa wata waƙa da yaren Karekare. Kafin ta kai ƙarshe ya yi luf. Ni yaren sama-sama nake ji, don a Potiskum na yi karatu, Hausa ta cinye mini baki. Abin da na iya tsinta dai, wata tsuntsuwa ake roƙo ta rage wa yaro gero a gona.

Wata rana da hantsi na ɗauki waya na saita ta. Ta harare ni ta ce, "Ke dai ba ki da aikin yi. Ko ɗankwali ban gyara ba za ki ɗauke ni?" Amma ba ta daina waƙar ba. Shi ne kaɗai bidiyonta da muka taɓa samu, domin ba mai son hoto ba ce. Yaron bai fara tafiya ba Allah ya karɓi ran mahaifiyata, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Ba a daɗe ba wayar ta faɗa bokitin wanki ta mutu. Na zare ɗan katin memorin da bidiyon ke ciki, na naɗe shi a takarda, na jefa cikin kwallar da nake ajiye 'yan kunnena na gwal, na tura can ƙuryar kabad. Ni a nawa wayon, abu mai daraja ɓoye shi ake yi, kamar yadda iyayenmu ke ɓoye sarƙa. Ƙanwata da ke aure a Damagum ta yi ta naci in tura mata, ina cewa sai na yi sabuwar waya. Gaskiyar magana, zuciyata ce ba ta kai in kalla ba. Ko maigidana ban faɗa wa abin da ke cikin takardar ba.

Ana gab da azumi aka yi wani biki a layinmu na unguwar Yerimaram a Potiskum. Garin sauri na zazzage kwallar ina neman ɗan kunne, na bar ƙullin takardar a kan kabad na fice. Shi kuma maigida, bawan Allah, ya sayo wa mahaifina irin rediyon nan mai cin memori, don ya riƙa jin tafsiri ya rage kaɗaici. Da ya ga memori a yashe, ya ɗauka tsohon tarkace ne. Ya kai wa masu tura karatu a bakin kasuwa, suka ce a cike yake, a goge? Ya ce a goge.

Ban farga ba sai bayan salla, da na yi sabuwar waya. Na birkice ɗaki kaf, har ƙarƙashin katifa. Yana shigowa ya ce me ake nema, na faɗa masa.

"Au, ɗan memorin nan? Ai yana rediyon Baba," in ji shi, hankalinsa kwance.

 Da na gaya masa abin da ke ciki, mutumin nan ya zauna a ƙasa, ya kasa haɗa ido da ni. Washegari ya zaga masu gyaran waya, duk maganarsu ɗaya: tunda an ɗora wani abu a kai har ya cika, sai haƙuri. Na yi kwanaki daga gaisuwa ba na ƙara masa komai. Ina fushi da shi, alhali na san wadda ta yi rowar turawa.

Ranar wata Juma'a na goya yaron muka shiga mota sai Nangere. Na tarar da mahaifina a zaure bayan la'asar, rediyon na gefensa yana ta karatu. Ni 'yar fari ce, saboda kara ko sunana ba ya faɗa, hirarmu ba ta wuce gaisuwa. Ban yi niyyar faɗa masa ba, amma ya dube ni ya ce, "Ke, lafiya kuwa?" Sai kawai bakina ya ɓalle, na zayyana masa komai ina share hawaye da gefen mayafi.

Ya kashe rediyon. Ya ɗauke shi yana jujjuyawa a hannu. Can ya ce, "Ashe inda ta zauna nake ta runguma tun azumi." Ya ajiye shi a hankali. "Kada ki riƙe mijinki. Alheri ya nufa."

Yaron ya gaji da goyo, ya soma halin nasa. Na sauke shi ina jijjigawa, abin sai gaba yake. Sai na ga Baba ya miƙo hannu. Ya kifa shi a cinya, ya gyara murya, ya fara waƙar. Mutumin da tunda nake ban taɓa jin ko kiɗan biki ya tsaya saurare ba. Waƙar ce dai sak.

Na ce, "Baba, dama ka iya?"

Ya ce, "Da ita aka raine ku duka. Ina nan zaure, katanga ba ta hana ji." Ya nuna jakata da haɓa. "Ɗauko abin naki ki ɗauka. Ni ma ba zama na zo yi ba."

Na ciro wayar na ɗauka. Ban tashi daga tabarmar nan ba sai da na tura wa ƙanwata, na tura wa maigida, na ga ya shiga.

Tun daga ranar na daina yi wa hoto ajiyar gwal. Duk abin da nake jin tsoron rasawa, ina da shi a waya, ina da shi a filash na kwamfuta, na ɗora a imel, 'yan uwa ma kowa na da nasa. Har tsiya suke mini wai na cika musu waya, ni kuwa ko a jikina. Ku ma in akwai muryar wani tsoho a wayarku, ku raba ta yau, tun mai ita yana kusa.

Muryar mahaifiyata dai ta tafi, kuma har gobe abin yana mini ciwo. Wadda nake da ita ta Baba ce. A tsakiyar bidiyon akwai inda baiti ya kuɓuce masa. Hannunsa a bayan yaron, ya juya yana kallon ƙofar cikin gida, wajen ɗakinta, yana jira a gyara masa. Babu wanda ya fito. Sai ya koma farko.