Madam Zaliha da Kwalayen Maganinta

Shekara ashirin da bakwai, kafin a buga ƙararrawar lakol, wato makaranta, Madam Zaliha ta riga ta ratso kasuwar Buza da buhunta a ka. Masu shagon magani sun san ta, suna tara mata kwalayen da maganinsu ya ƙare, masu rubutun Ingilishi. Da su take koyar da Ingilishi a kwaleji, domin ɗalibanta tamanin da huɗu ne a aji, littafi kuwa bakwai, biyu ma ba bango.

Abin da ke cin ranta, an ce dole ta fassara Ingilishi da Faransanci, ga yaran da Faransancin ma bai zauna musu ba. Sai ta bar allo. Ta maida aji shago: wannan mai saye, wancan mai sayarwa, kowa ya buɗe baki ya yi magana, ko da kuskure. In abu ya cije, ta warware shi da Hausa.

Ranar da sufeto ya zo daga Tawa, ya tarar da ajin kamar ranar kasuwa. Ya ɗaga kwali ɗaya da yatsa biyu.

"Madam, mi ne ne wanga? Shara kika kawo ma gwamnati?"

"Ranka shi daɗe, littattafan da kunka ce za ku aiko tun bara waccan nike jira. Kahin su iso, ga abin da ɗiyanga ka gani gidajensu."

Ya rubuta cewa ba ta bin tsari. Takardar nan ta hana ta ƙarin girma shekara shida. Ta yi fushi, ta yi kwana uku ba ta gaida kowa, ranar Litinin kuma ta dawo da buhunta.

Ku tambayi Goggo Rukaiya ta Deule. Jikanta na goye ya yi zazzaɓi, aka sayo magani daga Najeriya, rubutunsa duk Ingilishi. Har ta cika cokali, Hindatu, ɗalibar Madam, ta karanta kwalin ta riƙe mata hannu: "Goggo, tsaya! An ce kar a ba wanda bai kai shekara goma sha biyu ba." Suka kai shi likita. Yau yaron nan yana bin awaki da gudu.

Watan jiya Madam Zaliha ta aje aiki. Wallahi ko taron minti goma ba a yi mata ba! Aka karɓi makullin aji, aka ce Allah shi ba da lada, shi ke nan.

To mu dai mun gani. Ke ce uwar masu ƙarfin hali, ke kika kwance harshen 'ya'yan manoma. Mun gode, Madam Zaliha, Allah ya ba ki lafiyar hutawa.

Ku kuma sababbin malamai da ke zaune kuna jiran littafi daga Yamai, gidanta na bayan tasha. Ku je ku gaishe ta, ku tambaye ta yadda ake yi tun tana da ƙarfin gaya muku.