Akuyar da ke cin tuwon Baba

Mahaifina Basarke ne, masunci na gado, a cikin jirgin ruwa ya girma. Daga Gaya har Tounouga, duk wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a wuya wurinsa ake kawo shi. Ya tofa a ruwa, ya shafa wuyan, ya ce a haɗiye, kuma sau da yawa ƙayar ta wuce. Yana da doka guda da kowa ya haddace: “Ƙaya ba ta kwana uku. In ta wuce haka, ba ƙaya ba ce, ku nemi wani.”

Shi kaɗai yake cin abinci a zaure, kamar yadda ya tarar da ubansa na yi. Bayan rasuwar innata ni ke kai masa kwano in na taso daga kasuwa, inda nake sayar da banda. Kullum kwanon fes yake dawowa. Ina ta yabon hannuna, ashe wauta nake yi.

Akuya ce ta tona shi. Wata ja gare mu, mai baƙin naci, da ta ji ƙarar murfin kwano sai ta tafi bayan zaure ta tsaya. Tana ta sheƙi, Baba kuwa hularsa har ta soma faɗo masa kan kunne. Ran nan na ajiye kwanon na laɓe. Ya yanki loma, ya tauna, ya tauna, ya haɗiye. Sai ya dafe ƙirji ya sunkuya, lomar ta dawo yadda ta tafi, da yawu mai yauƙi. Ya goge baki ya juye sauran ta ƙasan zana. Ni ba mai saurin kuka ba ce, amma ranar na yi, kuma haushi ya fi tausayin yawa.

Na shiga ba sallama. “Baba, tun yaushe?”

“Ke, ina kunyarki? Fita.”

“Na bar ta a kasuwa. Tun yaushe?”

Da ƙyar ya faɗa. Nama ne ya fara tsaya masa tun kafin ruwa ya sauka, daga baya tuwo, yanzu kunu kaɗai ke wucewa, shi ma sai an tsinka shi. Ya ce ƙaya ce wani abokin gaba ya jefo masa, ya kuwa yi wa kansa tofi ya fi a ƙirga. Abin da ke cinsa ke nan: a ji cewa mai cire wa mutane ƙaya ya je asibiti da tasa. Ya gwammace ya mutu da yunwa a zaurensa.

“Kwana nawa ƙaya ke yi, Baba?”

Ya kau da kai, na ci gaba.

“Ku kuka ce uku. Taku ta yi wata biyar. Ko dai ba ƙaya ba ce, ko kuma shekara da shekaru ƙarya kuke yi wa mutane. Ku zaɓa.”

Ya ɗaga sanda, na ce ya buga, ba inda za ni. Na zauna bakin zauren na rantse ba zan sa komai a bakina ba sai mun je asibiti mun ga lokotoro. Ya san halina, halinsa ne. Kwana biyu muka yi muna gwada taurin kai, a na uku ya ce in nemo mota, amma in ce wa maƙwabta gaisuwar rasuwa za mu.

Daga Gaya aka tura mu Yamai. A asibitin can suka zura masa siririn tiyo mai fitila ta baki. Lokotoron ya tambaye shi ko yana ƙwannafi. Na riga shi amsawa: tun ina yarinya yake jiƙa kanwa ya sha bayan tuwo, ya miƙe a tabarma. Lokotoron ya ce to, wannan ruwa mai tsami da ke tasowa daga ciki shi ya yi ta ƙona hanyar abinci, ta warke ta sake ƙonewa, har tabon ya matse ta. Ya ce ciwon daji ma haka yake farawa, don haka suka ɗebi ɗan nama suka auna. Kwanakin jiran nan ban san ɗanɗanon komai ba. Allah ya taimake mu, tabo ne kawai.

Sau huɗu muka koma ana buɗa hanyar kaɗan-kaɗan. Kowace tafiya sai mun yi faɗa a tasha, kowace tafiya kuma sai ya shiga motar.

Yanzu na ɗaure akuyar can ƙuryar gida. In na kai kwano ba na fita, sai in zauna gabansa. Har yau yakan harare ni ya ce ƴa ba ta kallon bakin ubanta. Ni kuwa in ce masa ba bakinsa nake kallo ba, wuyansa nake kallo, kuma ba na tashi sai na ga loma ta bakwai ta wuce.