Harsashin Fenti a Huhun Goro

Shekarun baya, tun titin Gate City yana amsa tsohon sunansa, ina zaune a wasu gidajen haya da ke gefensa, ƙofata tana kallon ta wani abokina. Shi Badamagare ne, ni Bakano, saboda haka ko gaisuwa ba ma gamawa ba tare da wani ya taɓa wani ba. Mun san juna tun a Kumasi, yana fataucin goro, ni kuma ina yi wa direbobin manyan motoci tafinta tsakanin Faransanci da yaren Asante. A nan Greensboro ta Amurka ya koma aikin ɗaga kujeru a wani sito, amma goro bai rabu da shi ba. Yana da kwandonsa a wani lungu kusa da banɗaki, da tsohon buhun algarara da ya taho da shi daga gida, kuma ko matarsa ba ta isa ta sa hannu a wurin ba.

Yana da 'ya, ita ce babba, a nan ta girma. Da ta shiga jami'a sai ta faɗa wani wasa da suke kira paintball. Matasa ne suke rufe fuska, su rabu gida biyu, su yi ta harbin juna da bindigar iska mai tofa ƙananan ƙwallaye cike da fenti. Wanda ƙwallo ya fashe a jikinsa ya mutu, sai ya fita fili. Ranar da uban ya ga hotonta da bindiga a hannu, har ɗakina na ji muryarsa.

"Ɗiya mace da bindiga? In wannan za ki yi, kada ki ƙara shigo mini gida da warin fenti!"

A can gida, irin wannan magana akan bar ta ta huce, a aiko baffa ko gwaggo, shi ke nan. Yarinyar kuwa a Amurka ta tashi, ta ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Ta kama ɗaki a unguwar Glenwood, ta daina zuwa. Fiye da shekara ba ta taka gidan ba, sai waya da uwarta. Abokina bai taɓa cewa abin yana cin sa ba, amma duk daren Juma'a da aka yi tuwo, sai na ga ya leƙa taga in ya ji mota ta tsaya.

Hajiya, matarsa, ita ta yi ta kai da kawo har aka samu hanya. Wata ranar Asabar da bazara, ina zaune a falonsu, sai ga yarinyar da kwalaye biyu da wata jaka. Ta durƙusa ta gaishe mu. Ta ce suna da gasa nan da mako biyu, na'urar sanyin ɗakinta ta mutu, zafi zai lalata mata ƙwallayen. Kowa a falon ya san tana da ƙawayen da za su ajiye mata. Hannu ta miƙa wa uban, ta dai naɗe shi a kwali.

Ta buɗe leda ɗaya ta nuna mana. Girmansu kamar 'ya'yan kanya, santsi, da ɗan taushi. Sannan ta zazzage jakar, ga wasu dogayen battocin roba masu murfi.

"Baba, waɗannan su ake kira pod. A baya nake ɗaura su, a ɗamara. Ranar wasa da safe sai ku cika mini su, ku taho da su. Ku dai sa kwalayen a wuri mai sanyi, please, kada rana ta gan su."

Ya ɗauki ƙwallo ɗaya yana murzawa tsakanin yatsu.

"Lalacewa suke yi?"

"Sosai. In suka sha zafi, sun tashi aiki."

"Ashe kaya ne mai rai," in ji shi. Ya dube ni. "Bakano, kai ba ka san wannan ba, ku sai atamfa. Ki bar mini, ɗiyata. Kayan da na tsallaka da su ƙasa uku ba su yi komai ba sun fi wannan laulayi."

Da ta tafi ya riƙo hannuna a bakin ƙofa, ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Alhaji, in wannan abu ya tafi daidai, za ta dawo cin tuwo." Ban taɓa jin ya yi magana a hankali haka ba.

A cikin makon na tambaye shi kaya suna lafiya. Ya ce, "Sun fi ranar da aka kawo su kyau. Har ƙiba suka yi." Na yi dariya na wuce, a zatona irin cika bakinsa ne.

Ranar gasar muka makara, don sai da ya canza babbar riga sau biyu. Filin yana bayan gari, cikin dogayen itatuwa, an zagaye shi da raga mai tsawo. Tun daga wurin ajiye motoci na ji ƙarar, ta-ta-ta-ta, babu tsayawa, sai na ja na tsaya. Na taɓa kwana a ƙarƙashin babbar mota a wata kan iyaka ina jin irin wannan ƙara, kuma waccan ba fenti take tofawa ba. Ga shi nan kuwa iyaye sun baza kujeru, suna cin gasasshen nama da burodi, wata mata tana tafi tana ihu a harbe ɗan wata. Na zauna a ƙasashe da dama, na ga dambe, na ga kokawar Sanagal, na ga tseren raƙuma a ƙasar Larabawa, amma ban taɓa ganin inda aka mayar da yaƙi abin fita shan iska ba.

Yarinyar ta taho da gudu, an riga an kira ƙungiyarsu. Ta fizgi jakar, ta soka battocin a ɗamara ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta buɗe ko guda ba, ta ce, "Thank you, Baba," ta juya. Ƙoƙon da ke saman bindigarta, inda ƙwallayen suke taruwa kafin su gangara, wata abokiyarta ce ta cika mata shi da nata tun da muka makara.

Kafin su shiga na kalli ƙarshen wasan wasu, a nan na gane amfanin battocin. Yaro yana tsugune bayan wata ƙatuwar jakar iska, hannu ɗaya bai daina harbi ba, ɗayan ya zagaya baya ya zaro batta, babban yatsa ya ɓalle murfi, ya kifa a ƙoƙon bindiga, ƙwallaye suka kwarara, ya yar da battar a ƙasa. Ko kallonta bai yi ba. Masu sayar da fetur a kwalba a Kwatano kawai na taɓa gani da irin wannan hannu. Wani dattijo Bature da ke kusa da ni ya ce 'yarmu a baya take tsayawa, aikinta ta yi ta zuba wuta ta tare hanya don 'yan uwanta su matsa gaba. Ya ce in ta yi shiru ko na ɗan lokaci ne, an gama da su. Kuma wasan na fitar da gwani ne, wanda ya faɗi sai gida.

Aka busa. Ta ruga ta faɗa bayan jakarta, ta fara. Wallahi sai da na manta tsorona. Abokina, mutumin da ya ce ɗiya mace ba ta riƙe bindiga, yana riƙe da raga yana cewa, "Voilà! Ba su, ba su! Bakano, ka gani? Jinin Damagaram ne, kakanninka sun san shi!"

Sai ƙoƙon ya ƙare. Hannunta ya zagaya baya, ta zaro, ta ɓalle, ta kifa.

Ba abin da ya zubo.

Ta girgiza. Ta buga gindin battar da gwiwa. Wani curi ya faɗo kamar ɗanwaken da ya kwana, ya toshe bakin ƙoƙon. Ta kwashe shi da yatsu ta yar, ta zaro ta biyu. Wannan ta ɗan zuba. Ta ɗaga bindiga ta ja, bindigar ta yi tari, ta feso ruwan ɗorawa kamar kunu, ya dalalo mata a hannu. Ta ja, ta ja, ba ƙwallo ko ɗaya da ya fita da ransa. Ina jin 'yan ƙungiyarta suna kiran sunanta. Su kuwa na can ɓangaren sun ji shirun. Wani dogo ya miƙe ya sheƙo a guje ta hanyar da take tsarewa, ya zagayo ta bayanta tana kokawa da batta ta uku, ya zuba mata a gadon baya.

"An harbe ta! Innalillahi, ya harbar mini ɗiya!"

Abokina ya yi kan ƙofar raga, ba abin rufe fuska, ba komai. Ban san ina da sauran ƙarfi ba sai ranar. Na cafki babbar rigarsa ta baya, muka zube tare a ciyawa, hulata ta yi nata wuri, rigar ta yage tun daga kafaɗa. Masu cin nama suka tsaya da tauna suna kallon tsofaffi biyu suna birgima. Kafin mu tashi an kashe sauran yaran, an busa, an gama.

Suka fito suka taru a rumfarsu. Shugaban ƙungiyar, wani saurayi mai jan gemu, ya ɗauki batta ɗaya ya zura yatsa, ya zaro shi da danƙo. Ya tambaya da Turanci wa ya ajiye wannan kaya, a kogi aka tsoma su? Yarinyar ta karɓi battar daga hannunsa. Ta cire abin fuskarta ta nufo mu da battar a hannu.

"Baba, a ina kuka sa su?"

"Inda ya fi ko'ina sanyi. Wurin goro."

"A cikin ledarsu?"

"Leda? Wa ke barin kaya mai rai a leda ya gumu? Na juye su a kwando, na rufa musu algarara." Har lokacin bai gane ba, da alfahari yake magana. "Kullum bayan asuba sai na jiƙa buhun, na yayyafa musu ruwa da hannuna. Ko rana ɗaya ban tsallake ba. Tambayi uwarki."

Sai a lokacin na gane. Fatar ƙwallayen nan irin abin da ake yin kwanson maganin asibiti ne, ruwa take sha ta kumbura ta yi yauƙi. Ƙibar da ya gaya mini ke nan. Mako biyu mutumin nan yana tashi da asuba yana kashe wa 'yarsa harsashi da iyakar ƙaunar da ya iya.

Na san yadda wasu yaran ƙasar nan suke yi wa iyayensu magana in ransu ya ɓaci, na ji a kantuna, na ji a motar haya. Na shirya jin haka. Ta kai battar hancinta ta shinshina. Ko ni daga inda nake ina jin ƙanshin goro da jiƙaƙƙen buhu. Ta daɗe tana kallon ubanta, da yagaggiyar riga da ciyawa a gemu. Sannan ta ce da Hausa tsantsa, ba kalmar Turanci ko ɗaya, "Baba, ku je gida." Ta juya wurin 'yan ƙungiyarta.

A mota na yi masa bayani. Muka shigo gari. Wajen wata danja ya ce, "Alhaji, da bakina na kore ta, yau kuma da hannuna." Na nemi tsokana ɗaya da zan yi masa, na rasa.

Kwanakin da suka biyo baya ko gaisuwar kirki ba ya amsawa. Hajiya ta ce yarinyar ba ta ɗaga waya. Ranar Juma'a aka yi tuwo, aka kira ni, muna zaune ba mai ci sosai, shi kuwa ko tagar bai leƙa ba. Sai muka ji ana buga ƙofa da ƙafa. Hajiya ta buɗe. Yarinyar ce, rungume da sabon kwali. Ta wuce mu ba ta tsaya ba, ta buɗe kabad ɗin kayan uban, ta ture takalmansa, ta ajiye kwalin a ciki. Ta dawo ta durƙusa ta gaishe mu.

"Baba, wannan ba goro ba ne. Ba ya shan ruwa, ba ya son iska, kada a buɗe ledar. Abu ɗaya kawai za ku yi masa, duk mako ku juya kwalin, na ƙasa ya koma sama, don kada su kwanta a gefe ɗaya."

Uban ya dube ta. Can ya ce, "Ashe dai ana juya shi. To, ai goro ma haka ake masa."

"Baba!"

"Na ji, na ji. Ba ruwa."

Ta wanke hannu ta jawo kwanon uwarta.

Yau yarinyar ta gama karatu tana aiki a wani gari, wasan ma sai jefi-jefi. Amma abin bai bar ni ba. Na yi yawo, na iya harsuna, na daɗe ina ɗauka cewa abin da yake ba mu kunya a baƙuwar ƙasa shi ne abin da ba mu sani ba. Ranar nan na ga ba haka ba ne. Da abokina bai san komai game da ajiya ba, da ya tura kwalin ƙarƙashin gado ya manta, da an ci wasa ko an faɗi lafiya. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ya kayar da shi. Tun daga lokacin, in jikana ya ba ni wani abu ya ce in riƙe masa, sai na tambaye shi abin da ba a yi masa kafin in tambayi abin da ake yi.

Har yanzu in na shiga gidan nakan ga kwandon goro a lungunsa, da buhun a kai. In ina son in tayar da abokina, sai in nuna jikokinsa da ke wasa a falo in ce, "Badamagare, waɗannan fa, an yayyafa musu na yau?" Yakan jefe ni da abin da ke kusa da hannunsa. Yawanci goro ne, ni kuwa in cafe in ci.